Numfashin Gwaggo Lupe

Taniela Fonua da ɗansa Maka sun mayar da numfashin Lupe makullin mota. Lupe yayar Taniela ce, ciki ɗaya. Ita ce gwaggon Maka, ita ta raɗa masa suna.

A ƙofar kamfanin inabi abin ya faro, nan garin Robinvale. Dokar direban babbar mota ba ta da kwana-kwana: ko ɗigon barasa kada a samu a numfashinsa. Wata safiya masu gwaji suka tare layin motoci, suka bi kowa da bututu. Maka ya hura, fitila ta nuna ja. Manaja ya kira Taniela, tunda motar tasa ce, ya ce ya zaɓa: ko ya sauke ɗansa daga sitiyari, ko ya ɗaura wa motar na'urar nan da ba ta barin inji ya tashi sai direba ya hura mata numfashi mai tsabta.

Taniela dattijon coci ne. Ya yi godiya, ya yi alkawari, har da dafa ƙirji. Ya tafi Mildura ya duba na'urorin. Akwai mai kyamara, akwai marar kyamara. Ya sayo makauniyar. Ya ce ta fi araha.

Ba a jima da ɗaura ta ba, Seini matar Maka ta zo ɗakin baya, inda Lupe take zaune tun da mijinta ya rasu aka ɗauko ta daga ƙasarsu Tonga. Ta durƙusa a bakin ƙofa yadda ake durƙusa wa gwaggo, da faranti a hannu, gwaza da ganye da naman gwangwani suna tururi.

"Gwaggo, barka da asuba. 'Yar alfarma ce na zo nema, ba ta taka kara ta karya ba."

"Faɗi."

"Na'urar nan ce. Maka ya ɗan kurɓa jiya wajen kallon ƙwallo, kin san maza. Ya wartsake ras, amma ita ƙarfe ce, ba ta da hankali. Ki ɗan hura masa. Yau kaɗai."

"Ke ba ki da baki?"

Seini ta yi dariya, ta rufe fuska da hannu. "Kai, Gwaggo! Ai ni ma na ɗan taɓa. Duk gidan nan ke ce mai tsarki."

Lupe ba ta taɓa kai barasa bakinta ba tun da uwarta ta haife ta. Tana da asma, kowa ya sani, ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa in sanyi ya sauko. Ta dubi farantin. Ta tuna motar nan ce take ciyar da gidan, har da ita. Ta jawo mayafinta.

Matakalar motar ta yi mata tsawo. Maka ya tura ta daga baya kamar buhun albasa. Ya miƙa mata bututu. Na'urar ba ta karɓar ɗan numfashi, sai dogo, sai ka ji hanjinka ya naɗe. Ta hura har idanunta suka kawo ruwa. Fitila ta nuna kore, inji ya ɗauka.

"Allah ya ja da ran Gwaggo!" in ji Maka. "Kin fi sabon batir!"

Ta juya za ta sauka.

"Ina zuwa kuma? Ai a hanya ma tana tambaya. Ba ta faɗin yaushe. In ta yi ƙara ba a hura ba, kashina ya bushe. Gyara zama, ki sha iska, ki ga gari."

Haka yau kaɗai ta zama kullum.

Lokacin tsinkar inabi ne, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya. Daga gona zuwa ɗakin sanyi na kamfani, daga can zuwa wata gonar, wani sa'in har Melbourne. Lupe tana gefe, bututu a cinya. Duk inda na'ura ta yi ƙara, ko tana gyangyaɗi, ko tana tsakar tari, Maka zai zungure ta da gwiwar hannu.

"Gwaggo, mijinki yana kira."

Ba a shiga harabar kamfani da fasinja. Saboda haka kafin su kai ƙofa sai ya ce ta haura baya, kan ɗan gadon da direba yake kwanciya, ya ja labule, ya jefa mata bargo. Ya kashe inji ya tafi inuwa wajen abokansa. Ita tana ciki, gilashi a rufe, ƙarfe yana gasa ta, tana danne tari da bargo don kada mai gadi ya ji. In an gama lodi ya dawo, ya zura mata bututu ta ƙarƙashin labule. Ranar da masu gwaji suka zo kuwa, akwai wanda yake buga masa waya daga layi. Sai Maka ya juya da mota ya ce taya ta yi faci.

Da can tsoron gwaji yana ɗan rage masa sha. Yanzu ya samu gwaggo, me zai ji tsoro? Ya sayi akwatin ƙanƙara ya tura ƙarƙashin kujera. Tun ana gwangwanin giya ɗaya bayan la'asar, har ya zamana da hantsi ake buɗe na farko.

"Maka, wannan fa?"

"Ƙishirwa, Gwaggo. Wannan ai ruwa ne da kumfa. Ki bar ni da tuƙi, ni na bar ki da hurawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ƙurar gonaki da feshin magani suka shige mata ƙirji. Wata rana a hanyar Mildura numfashi ya ƙwace mata. Ta lalubo ɗan maganin shaƙarta daga jaka, ta fesa a baki. Ko rufe shi ba ta yi ba na'ura ta yi ƙara. Ta hura. Fitila ta nuna ja. Hon ɗin motar ya kama ihu shi kaɗai, fitilu suna walƙiya, dole Maka ya gangara gefen titi. Ashe akwai wani abu a maganin da na'urar take ɗauka barasa ce.

"Me kika sha?" Ya daka mata tsawa. Ita da ta raɗa masa suna.

"Maganina ne."

"Kin san tana ajiye komai a cikinta? Kin san manaja zai gani? Tsohuwa da ke, za ki ɓata mini suna!"

Da ya bari ta kuskure baki ta ɗan huta, da abin ya wuce. Amma na'ura ba ta faɗin lokacin tambayarta, Maka kuma ba mai jira ba ne. Ya fizge maganin ya sa a aljihu. Da suka isa gida ya miƙa wa Seini.

Seini ta sake zuwa ta durƙusa. Ba ta taɓa fashin durƙuso ba, wannan kam a ba ta.

"Gwaggo, ni zan riƙa ajiye miki shi. Kada ki manta ki shaƙa da safe a samu matsala. Kuma wallahi na ji ana cewa sabo yake sa wa. Jiki ya fi son abin gargajiya. Ga lemun tsami da ruwan zafi na haɗo miki."

"Ba lemun tsami ne ya rubuta mini likita ba."

"Ai likitocin nan, Gwaggo, neman na kansu suke yi. Da zarar inabi ya ƙare zan mayar miki. Saura ƙiris."

Daga maganin shaƙa aka wuce ga maganin tari, shi ma wai yana da barasa. Aka hana ta ruwan kuskure baki. Aka hana ta cin inabin da ya nuna sosai, a garin da inabi yake zube a ƙasa kaji suna tsattsaga.

Ta rame. Zoben aurenta ya fara zamewa, ta ɗaure shi da zare. Ta daina kwanciya, sai dai ta jingina da bango, don in ta miƙe ƙirjin rufewa yake. A coci ta bar layin mawaƙa, ita da muryarta take riƙe mata duka. Aka tambayi Seini, ta ce tsufa ne.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Lupe da inda Taniela yake zama. Yana jin tarin. In ya yi yawa sai ya ƙara muryar rediyo. Matar fasto ta taɓa ce masa, yayarka fa ba ta da lafiya. Ya sunkuyar da kai.

"Kin san al'adarmu. Namiji ba ya shiga ɗakin 'yar'uwarsa. Ban ga komai ba, ba ni da ikon gani."

Gaskiya ne, haka muka tashi, mu mutanen Tonga. Namiji ba ya shiga ɗakin 'yar'uwarsa, ba ya ɗaga mata murya, ba ya zagi a gabanta. Kakanninmu sun kafa wannan don a girmama mace. Ba su kafa shi don ƙato ya samu labulen ɓuya ba.

Tunda ba zai shigo ba, ita ta fita. Ta same shi a baranda da yamma yana shan shayi. Ya miƙe tsaye da sauri, ya haɗa hannu a baya, ido a ƙasa.

"Taniela, ɗanka yana sha a kan sitiyari."

"Yaya, yaro ne. Ana yi masa addu'a."

"Yaro mai furfura a gemu? Ka sauke shi. Ka ɗauki direba."

"Direban waje ba ya tausayin mota, Yaya. Kuma me za a ce a coci? A ce ɗan Fonua ya kasa riƙe motar ubansa?"

"To kai ka hau ka riƙa hura masa. Ai ba ka sha."

Ya dubi yatsun ƙafarsa. "Bayana, Yaya. Kin san bayana. Kuma mutum irina, in aka gan ni..."

"Ni in aka gan ni fa?"

"Ai ke ba a ganin ki. Akwai labule." Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi saurin gyarawa. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Yaya. Kowa yana kawo abin da yake da shi. Ke Allah ya ba ki tsarki, gidan yana cin albarkacinsa. Lada ne."

"Maganina fa?"

"Wannan maganar mata ce. Ku daidaita da Seini."

Duk maganar nan bai ɗaga ido ba sau ɗaya. Ladabi ke nan.

Ana cikin makon ƙarshe na dogon hutun makaranta suka taso daga wata gona da rana tsaka, kaya cike. Maka ya riga ya zubar da gwangwanaye a ƙarƙashin ƙafarsa. A miƙaƙƙen titin da ke shiga unguwarsu akwai 'yar rumfar kwano, inda yara suke tsayawa jiran motar makaranta. Lupe ta ga kansa ya langaɓe. Ta ga farin layi ya shige ƙarƙashin mota. Ta buɗe baki za ta yi ihu, babu iskar yi.

Ƙarar karo ce ta tashe shi. Ya fizgi sitiyari, ya taka birki. Bayan tirela ya riga ya kwashe rumfar, ya nannaɗe kwanon kamar takarda.

Babu kowa a ciki. Hutu ake yi.

Lupe ta sauko da kyar ta je ta tsaya. Bencin katako ya rabe biyu. A jikinsa yara sun kankare sunayensu da ƙusa, wani da hoton kifi, wani da zuciya. Ta san iyayen wasu. Ta ga sunan ɗan maƙwabcinsu, mai kawo mata ƙwai.

Maka yana can yana shafa gefen tirela.

"Kash, fenti ya tafi. Za mu ce kangaru ne ya gitta. Gwaggo, kin ga kangaru, ko?"

"Litinin ake komawa makaranta."

"To? Ai hukuma za ta gina wata. Hau mu tafi, inabi ba ya son rana."

Inji ya mutu wajen birkin. Ya miƙo mata bututu. Titin babu kowa, babu inuwa, babu ruwa. Ta karɓa ta hura. Suka kama hanyar gida.

Ranar Asabar aka yi bikin cikar 'yar Maka shekara ɗaya. An kafa rumfa, an gasa aladu, an dafa doya, mutane har daga Melbourne. Da safe Seini ta kawo mata sabuwar riga, ta ɗora maganin shaƙa a kai.

"Ki riƙe na yau, Gwaggo. Kada ƙirjin ya yi ta kuka a gaban baƙi."

Aka zaunar da Lupe a can sama, kan tulin tabarmi masu laushi, inda gwaggo take zama. Aka sa mata furanni a wuya. Da aka yanka kek, yankan farko nata ne, aka kawo mata a durƙushe. Mata suka yi rawa suka zube kyaututtuka a ƙafarta. Taniela ya tashi, tabarmar ado irin ta Tonga ɗaure a ƙugu, ya karɓi lasifika. Ya yi kuka na gaske, da hawaye.

"Wannan da kuke gani ita ce rufin gidanmu. A kan 'ya'yana da jikokina, maganarta ce ta ƙarshe. In ta ce a tsaya, an tsaya. Ni kaina ƙurar ƙafarta ne."

Aka yi tafi. Fasto ya yaba wa gidan Fonua, ya ce ga mota da ba ta taɓa fashin aiki ba, ga yaro da ya tuba ya kama hanya, har na'ura tana ba da shaida kullum. Maka ya sunkuyar da kai irin na salihai. A bayan rumfa akwatunan ƙanƙara suna jiran sa.

Lupe ta shaƙi maganinta a hankali. Rabon da iska ta kai mata ƙasan ƙirji har ta manta. Ta dubi ƙaninta, ta dubi taron. Kunyar marar kunya asara ce.

Ranar Lahadi bayan coci Maka da abokansa suka zauna kan giyar da ta rage, don kada ta lalace. Seini ta zo karɓar magani. Lupe ta ce ta manta inda ta sa shi, sai da safe.

Litinin ta waye. Yara suna wucewa ta ƙofar gida cikin sababbin rigunan makaranta, jakunkuna sun fi su girma, suna nufar inda rumfar take a da. Maka yana cikin mota, ido jawur, ya kifa goshi a sitiyari. Ya danna hon.

Lupe ta fito. Ba da tsohon mayafin hanya ba. Ta sa rigar biki, ta ɗaura a ƙugu tabarmar adon da aka ba ta ranar Asabar. Ta jawo kujerar Taniela ta baranda ta zauna.

Seini ta taho da gudu, ta durƙusa, ta miƙa hannu. "Gwaggo, maganin. An makara, ana jiran kaya a gona."

Lupe ta zaro shi daga ƙirjin rigarta. Ta girgiza shi. Ta fesa a baki, ta riƙe, ta sauke numfashi. Ta sake fesawa.

"Wayyo, Gwaggo! Kin ɓata bakin! Yanzu sai an jira!"

"A jira."

Maka ya leƙo ta taga. "Wai me ake yi ne? Ku ɗauko mini ita mana!"

Taniela ya fito yana gyara riga. Ya ga yayarsa a kujerarsa. Ya tsaya nesa, hannu a baya, ido a ƙasa.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Yau na ji daɗin iska."

"To madalla. In kin huta kaɗan, ki taimaka. Inabi ya kusa ƙarewa. Daga wannan makon shi ke nan, na yi miki alkawari."

Ta kawar da kai. Tana kallon titi. Wata 'yar ƙarama ta tsaya ɗaura igiyar takalmi, yayanta yana jan ta.

"Yaya, in motar nan ba ta fita yau ba, manaja zai tambaya. In ya tambaya, komai zai fito. Kwangila ta tafi. Sunan mahaifinmu ya zube a garin nan." Muryarsa ta yi laushi, irin laushin da yake yi in zai yi mugunta. "Kuma gidan da babu abinci ba ya riƙe baƙo. Ban ce komai ba. Amma can Tonga wa ya rage miki? Gidan ma ruwa ya cinye shi."

"Ɗago ka dube ni, Taniela."

"Yaya, al'ada..."

"Ɗago."

Ya ɗago. Ya ga ƙasusuwan wuyanta, ya ga zoben da aka ɗaure da zare. Ya yi saurin kawar da kai.

"Ranar Asabar ka ce a kan 'ya'yanka maganata ce ta ƙarshe. A gaban fasto ka faɗa, da lasifika."

"Na faɗa, Yaya. Amma ai wannan maganar biki ce."

"Ni ban san ta biki ba."

Maka ya diro daga mota, ya yi tangaɗi, ya dafa ƙofa. Warin ya riga shi isowa baranda. Ya zube a gabanta, gwiwa biyu, ya kama gefen tabarmarta.

"Haba Gwaggona. Ke fa kika raɗa mini suna. Hurawa ɗaya. Ɗaya tak, don Allah."

Daga can ƙarshen titi motar makaranta ta ɓullo. Yara suka taru a kan karyayyen benci suna ɗaga wa motar hannu.

Lupe ta janye tabarmarta daga hannunsa. Ta mayar da maganin cikin riga.

"Ba zan hura ba."